Ranar da Goggo Saude Ta Ɗaga Murfin Tankinmu

Ku matso kusa 'yan uwa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Masu cewa na ɓuya kwana biyu ku yi haƙuri, tafin hannuna ne ya saɓule, ko waya da ƙyar nake riƙewa. Idan kuma kuka ji abin da ya saɓule shi, na san dariya za ku yi mini. Ni Ummu Salma, da duk layinmu na Kazaure aka sani da yangar lalle da man shafawa, wai ni ce na wuni da hannu tsundum a tankin masai saboda ɗa namiji.

Ga waɗanda yau suka fara bina, namijin shi ne Shafi'i, ɗan Gwiwa, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwannin ƙauye. Dogo ne, mai sanyin murya, irin mutanen nan da ba su iya cewa a'a ba ko kaza ce ta roƙe su. Ya daɗe yana zuwa zance, har yaran layi sun haddace ƙarar babur ɗinsa, amma maganar manya shiru. Mama kuwa duk ranar da aka kawo katin bikin wata, sai ta ajiye shi a kan filona ba tare da ta ce komai ba. Wallahi gara ta zage ni.

Ranar Talata da safe ina gugar atamfa saƙonsa ya shigo.

"Salma, Goggo Saude za ta zo gaida Mama ranar Asabar."

Saura kaɗan na ƙona atamfar. Goggo Saude yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma a gidansu abin da ta ce shi ake yi. Zuwanta shi ne abin da nake ta addu'a a kai.

"Alhamdulillah! Me take so a dafa mata?"

"Ba abinci ne matsalar ba."

"To mene ne?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutawa. Can sai ga shi: "Za ta ce a nuna mata banɗaki. Ba lalura ce za ta kai ta ba. Murfin tanki za ta ɗaga."

Na tura masa fuskar dariya har uku. Nan take ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar ana bin sa.

"Ba wasa nake ba fa. Haka take yi a duk gidan da aka je neman aure a danginmu. Wai abin da ido ke gani kowa yana sharewa, halin mace yana ƙarƙashin murfi. Idan randa ce randa take leƙawa, idan gidan zamani ne tanki. Ta taɓa fasa auren ɗan yayana a kan haka."

"Kai Malam Shafi'i! Tanki kuma?"

"Don girman Allah kada ki ce ni na faɗa miki. Sai da ta sa na yi mata alkawari."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, gidanmu gidan Barebari ne, ƙamshi da tsafta ai gadonmu ne. Ina ajiye wayar na nufi banɗakin da ƙwarin gwiwata.

Bari na ba ku tarihin banɗakin nan. Yaya Babagana ne ya gina mana shi lokacin da ya samu aiki a Kano: tayil shuɗi, madubi, farin masai na zama da tankinsa a baya. Kullum ina wanke shi, yana ɗaukar ido, har turaren wuta nake sa masa. Amma famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka yawanci da bokiti muke korawa. Ruwan da ke cikin tankin sai ya yi ta zama abinsa. Tunda aka kafa shi, babu mahalukin da ya taɓa tunanin wai murfin nan ma yana ɗaguwa.

Na ɗaga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Bango huɗu duk baƙar fumfuna, ɗigo-ɗigo har kan murfin ta ciki. Daidai inda ruwa ke tsayawa ga wani zobe ja na tsatsa ya zagaye, ya yi kanta. A ƙasa laka ce kwance, ga gansakuka mai yauƙi ta naɗe sarƙar da ƙwallon robar nan mai iyo. Wari kuwa kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Na mayar da murfin da sauri, na jingina da bango, na ce yau ga Ummu Salma ga ranar tonon asiri.

Na kwaso omo da soso na dirza har kafaɗata ta amsa. Laka ta fita, amma baƙin nan da jan zoben ko gezau. Na ɗauki hoto, na tsaya ina shawara da zuciyata, wace budurwa ce ke tura wa saurayi hoton tankin masai? Na rufe ido na tura.

"Zan zuba haifo, ruwan bilicin nan," na rubuta.

"A'a! Yana cin robar ciki, kuma daga ƙofar gida Goggo za ta ji warinsa ta gane. Ki jiƙa tsamiya da yawa a ruwan zafi, ki tace. Ki matsa lemon tsami a ciki, ki sa gishiri cikin tafi. Ki rufe makunnin ruwa na ƙasan tankin, ki kwashe ruwan tas, ki cika shi da haɗin har ya wuce jan layin. Ki bar shi ya kwana. Da safe ki bi shi da tsohon burushin haƙori. Kada ki sa soson ƙarfe, kuma kada ki kuskura ki haɗa shi da haifo, hayaƙin yana sumar da mutum."

"Ikon Allah. A ina mai maganin shanu ya koyi wankin tanki?"

"Kawai dai na sani."

Na yi murmushi ni kaɗai, ina jin daɗin Allah ya ba ni mai kula. Ku riƙe wannan murmushin, za ku tausaya mini a kansa.

Tsamiyar da Mama ta ajiye don kunu na kwashe kaf. Tana shigowa kicin ta tarar ina tacewa a babban baho.

"Wa ya haihu za a yi kunun suna?"

"Tanki zan wanke, Mama."

"Tankin me?"

"Na banɗaki."

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Ke da kofin da kika sha shayi sai an yi shela kafin ki ɗauraye? Ummu Salma, ko dai aljanu ne?"

"Tsafta ce kawai, tunda baƙi za a yi."

"Baƙin a cikin tanki za su zauna?" Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Ki yi duk abin da za ki yi. Amma ki sani, idan wannan ma ya kuɓuce, ban san bakin da zan ƙara kallon dangin ubanki da shi ba."

Maganar ta zauna mini a ƙirji, na kai bahon banɗaki ina share hawaye da gefen kafaɗa.

Washegari da sassafe kururuwar Mama ce ta tashe ni. Na ruga na tarar kumfa mai ruwan ƙasa ta tumbatso daga tankin, ta bi jikin masan, ta malale tayil har bakin ƙofa. A gefe ga Ya Kaka, kakarmu ta wajen uba, tsaye da sandarta da ragowar kanwa a leda, fuskarta fal alfahari. Ita fa tunda aka gina banɗakin nan ba ta taɓa zama a kansa ba, kujerar Bature take ce masa, tsohuwar shaddarta ta bayan gida ta fiye mata.

"Ya Kaka, me kika zuba?"

"Kanwa mana. Na ji kina ta fama da tsamiya kamar mai ciki. Yarinya, tun kafin a haifi uwarki da kanwa da toka muke fitar da datti. Ba ki ga yadda ya taso ba? Dattin ne yake gudu."

"Wayyo Ya Kaka, kin kashe mini tsamin! Kanwa ai ita ke kashe tsami!"

"To ai gara ya mutu. Mijin da sai an wanke masa masai kafin ya zo, in ya zo me za a wanke masa?"

Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, hawaye kuma na zuba. Na kwashe, na ɗauraye, na saka hijabi na tafi kasuwa na sayo wata tsamiyar da lemon tsami. A wannan karon sai da na kulle banɗakin na ɗaure makullin a bakin zanina.

Da gari ya waye na zubar da haɗin, na durƙusa da tsohon burushi. Abin mamaki, jan zoben nan da ya gagari omo sai ga shi yana narkewa, baƙin yana fita da ɗan gugawa kaɗan. Lungun bayan bututu ne ya ba ni wuya, sai da na naɗa tsumma a tsinken tsintsiya. Na wanke sarƙar ɗaya bayan ɗaya kamar mai wanke sarƙar gwal, na goge ƙwallon, na kai murfin rana ya bushe. Lemon tsami da gishiri suka shiga duk wata tsaga ta hannuna, lallen da na ƙunsa ya koma kamar taswira. Amma da na leƙa na ga farin tangaran yana ƙyalli, sai na ji kamar an riga an ɗaura aure.

Na tura masa hoto. Ya turo: "Masha Allah. Kin gama da ita."

Asabar ta zo. Mama ta canja labule, aka shimfiɗa sabuwar darduma, Ya Kaka ta fito da turaren wutanta na ɓoyo wanda ko da sallah sai an roƙa. Aka yi dambun shinkafa da zogale, da farfesun kaza, da kunun aya mai sanyi. Na sa atamfata ruwan goro ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na shafa humra, na ƙudurta cewa hannuna ba zai fito daga mayafin nan ba har baƙuwa ta tafi.

Na zaci zan ga wata gabjejiyar mace mai muryar tsawa. Sai ga 'yar tsohuwa fara, siririya, da farin hijabi da tabarau, tana riƙe da ƙwaryar man shanu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa tana kallona ta saman tabarau. Ya Kaka kuwa tana ganinta ta gyara zama, kun san Barebari da Fulani ba a haɗuwa a rabu lafiya.

"A'a, yau Fillo ce a gidan iyayen gijinta? Ina kika baro shanun?"

"Suna can suna jiran ku zo ku yi musu ƙamshi, tunda shi kaɗai kuka iya," in ji Goggo Saude.

Aka yi dariya, aka ci, aka sha, aka taɓa hirar damina da tsadar taki. Ni dai ina gefe kamar an dasa ni, kunnena yana jiran magana ɗaya. Da aka kira azahar ta ajiye kofi.

"Yarinya, nuna mini inda zan kama ruwa."

Na cika buta na yi mata jagora. Ta shiga ta turo ƙofa. Na tsaya a waje ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Can na ji ƙarar tangaran, ƙwaras. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ko wani lungu na manta.

Ta fito ta wuce gindin darbejiyar tsakar gida inda muke alwala, ta zauna a kan turmi. Ta yafito ni.

"Miƙo hannunki."

Na miƙa na hagu, ta ce duka biyun. Ta juya tafin, ta dubi inda ya saɓule, sannan ta kai shi hancinta.

"Tsamiya. Lemon tsami. Gishiri." Ta saki hannun. "Haɗina ne wannan. Lokacin da muke zaune a Kano da marigayi mijina, ni na koya wa Shafi'i, shi yake wanke mini. Wa ya faɗa miki zan duba?"

Ƙasa ta yi mini nisa. Idan na ce shi ne, na karya alkawarin da na yi masa, na kuma nuna mata ɗanta ya karya nata. Idan na ce babu kowa, na fara zama da uwar miji da ƙarya, alhali ƙamshin yana hannuna.

"Goggo, gaskiya ban taɓa ɗaga murfin nan ba sai makon nan. Abin da na tarar a ciki, ba zan so maƙiyina ya gani ba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Wa ya faɗa miki?"

"Wanda ya faɗa mini ya roƙe ni kada na faɗa."

Ta saki wata 'yar dariya ta hanci. Ta jawo butar ta fara wanke hannu.

"To ke kin fi yarinyar garin Roni. Shekaranjiya da na je gidansu, wannan ƙamshin na tarar, har ya fi naki ƙarfi. Da na tambaye ta sai ta dubi tsabar idona ta ce su kullum haka tankinsu yake."

Na ji maganar, amma kamar da wani yare aka yi ta.

"Goggo... Roni?"

Ta ɗago tana kallona, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. "Au, wannan bai faɗa miki ba? Lallai yaron nan ya iya zaɓen abin da zai faɗa." Ta ci gaba da alwalarta, ni kuma kunya ta hana ni sake tambaya.

Da ta idar da salla ina jin ta daga ɗaki tana ce wa Mama, in sha Allahu maza za su zo, a sanar da waliyyina. Mama ta yi ta zuba godiya. Aka rako ta da turaren wuta da humra, Ya Kaka tana ce mata ta shafa wa shanu.

Ina shiga ɗaki na tarar da saƙonsa.

"Yaya? Ta ɗaga?"

"Wace ce a Roni?"

Ya karanta. Na zuba wa wayar ido har haskenta ya mutu na sake kunnawa.

"Salma, ba yadda kike tunani ba ne. 'Yar abokin baffana ce, su suka haɗa abin, ni ban nema ba."

"Amma ka ba ta haɗin."

"Tausayi ta ba ni. Ban so a kunyata ta a gidansu."

"Idan ba ka son ta, ai da ka bari Goggo ta ga dattin, magana ta mutu da kanta. Me ya sa ka so ta tsallake?"

"Zan zo mu yi magana."

"Da ita ce ta faɗi gaskiya ni na yi ƙarya fa? Yau a gidan wa za a yi murna?"

Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ba abin da ya shigo.

'Yan uwa, ku taya ni tunani, don ni kaina ya kulle. Na san halinsa, mutumin da zai tsaya a hanya ya ɗaure wa akuyar wani ƙafa, tsaf zai iya taimakon yarinya don tausayi kawai. To amma mutumin da ba ya iya cewa a'a, ta yaya zan san e ɗin da ya ce mini tasa ce? Shi ya zaɓe ni, ko Goggo ce ta zaɓar masa a gindin darbejiya? Ko mu biyun ya shirya ya zuba ido ya ga wadda za ta fito? Wata zuciyar ta ce ke dai kin samu, ki yi shiru. Wata ta ce wace samuwa? Ina son sa, wannan ban da shakka. Haushinsa kuma nake ji har wuya, kuma wallahi har yarinyar Roni da ban taɓa gani ba sai na ji tana ba ni tausayi, don na san yadda hannunta yake yanzu.

Bayan la'asar Mama ta leƙo, bakinta har kunne. "Taso, Babanku Dunoma ya zo." Ashe tun fitar baƙuwa ta aika masa. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ne waliyyinmu tun rasuwar Baba, mutum ne mai gaggawar alheri, ba ya kwana da magana.

Na same shi a kan darduma da carbinsa, Mama a gefe, Ya Kaka a bakin ƙofa. Na durƙusa na sunkuyar da kai.

"Ummu Salma, mutanen Gwiwa suna son turo magabata. Ni ba na ba da 'ya sai na ji ta bakinta. Yaron nan Shafi'i, kin amince da shi? Idan akwai wata magana, yanzu ne lokacinta."

Wayar ta yi gurnani a ƙarƙashin mayafina. Amsarsa ce ta shigo, na sani, kuma babu halin dubawa a gaban Baba Dunoma. Na ɗago ido kaɗan, na ga Mama ta haɗa tafukanta a ƙirji tana kallona. Na buɗe baki. So nake na ce a ba ni zuwa gobe, ko na ce akwai wata a Roni, ko na ce e ina son sa amma, amma me? Duk suka taho lokaci guda, ko ɗaya ba ta fita ba.

Baba Dunoma ya jira. Ya dubi Mama, ya yi murmushi.

"To, Alhamdulillah. Shirun budurwa ai shi ne amsarta."

Ya Kaka ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Mama ta rungume ni tana kuka tana sa mini albarka. Kafin Mama ta sake ni, Baba Dunoma ya riga ya kara waya a kunne yana sallama da mutanen Gwiwa.